Ƙululun Ƙeyar Inna

Ni mace ce mai ƙyama, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Tun ina yarinya a Ƙonni, in ƙuda ya faɗa cikin kunu to na bar wa mai rabo. In wani ya riga ni shan ruwa, sai na ɗauraye moɗar sau biyu kafin in kai ta baki. Uwata takan dube ni ta ce Allah ya haɗa ni da ƙauye mu ga ƙarshen tsirfa. Bakin uwa kuwa ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wajen ƙarshen shekarun tamanin na auri wani manomi ɗan Tajaye da yake kawo wake kasuwarmu. Ni na gan shi na ce ina so, ba wanda ya tura ni.

Mazan Tajaye ba sa zaman rani a gida. Da an ɗaure gero an zuba a rumbu, sai su rataya jaka su tsallaka Najeriya biɗar kuɗi, ba a sake ganin ƙeyarsu sai hadari ya fara haɗuwa. Haka mijina ya tafi ya bar ni da mahaifiyarsa, mu biyu rak a gida, don tsohonsa ya daɗe da rasuwa, yayarsa kuma tana aure a Dogarawa. Inna nake ce mata kamar yadda kowa yake cewa. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, ɗakinta kullum a share. Ita ce ta fara gane halina, kuma maimakon ta yi mini gori sai ta sayo mini moɗa tawa ni kaɗai ta rataye a bakin randa. In matan unguwa suka fara cewa amaryar birni tana jin kanta, Inna ce take tare musu baki. Ina sonta ƙwarai, wannan kam Allah shaida ne.

Inna tana da wata aminiya da ta shekara ashirin tana yi mata kitso. Ba ta taɓa ba wa wata kanta ba. Ranin farko da na yi a gidan, aminiyar nan ta kwanta ciwo, kwana tara ta cika. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, kan Inna yana nan cikin kallabi ba tsifa ba kitso. Na lura tana yawan sosa ƙeya, amma surukuwa ba a tambayarta me ke cikin kallabinta.

Wata rana bayan azahar ta kira ni ɗakinta.

"'Yar Ƙonni, an ce kin iya kitso."

"Na ɗan taɓa, Inna."

"To shigo, ki saki asabari."

Na saki. Ta zauna a tabarma, ta daɗe tana murza bakin zanenta kafin ta ce, "Abin da za ki gani, daga ni sai wadda tar riga mu gidan gaskiya munka san shi. Ko ɗana bai sani ba. Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba, kin jiya?"

Na ce na ji. Sai ta kwance kallabin, ta kifa fuskarta a cinyata yadda ake yi in za a kama kitson ƙeya.

Da na tsefe tsohon kitson sai na ga aikin marigayiyar. Ta jawo jela biyu ta karkata su yadda suka hau kan wani abu suka rufe shi ruf. Ƙululu ne a ƙarƙashin fata, daidai inda gashi ya ƙare, ya kai girman ƙwan zabo. Ba ja, ba zafi. Na taɓa shi da ɗan yatsa ya goce gefe ya dawo. A tsakiyarsa akwai ɗan baƙin ɗigo kamar ƙwayar gero.

"Shi na," in ji Inna, muryarta tana fitowa daga cikin zanena. "Ba shi ciwo. In ya cika dai sai a rage mishi. Ki sa manyan yatsu biyu ki matsa, sannu-sannu."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Amma ta miƙo mini tsumma ta bayan kanta, wanda dama ta tanada. Na sa yatsu na matsa. Da farko ba abin da ya fito. Can sai ɗigon nan ya buɗe, wani abu fari-fari mai kauri ya fara murɗowa waje, siriri, yana nannaɗewa a kan farcena. Sai warin ya biyo baya. Na sha jin wari a duniya, na wuce ta mahauta, na wuce ta majema, amma wannan daban ne. Ka ce ƙwaryar nono ce aka rufe aka manta da ita mako guda a ɗaka. Yawu ya cika mini baki. Ba halin tofarwa, kan surukata yana bisa cinyata, sai na haɗiye. Wallahi har yau in na tuna haɗiyar nan sai tsigar jikina ta tashi.

Da na gama, na shafa man shanu na kama kitso, na bi sawun marigayiya na karkata jela biyu na rufe wurin. Inna ta shafa ƙeya ta ji daidai, ta yi ta sa mini albarka. Sannan ta ce in haɗa tsumman da gashin da ya zube in je bayan rumbu in tona rami in binne, don abin da ya fito daga kan mutum ba a barinsa a sarari wani mugu ya tsinta. Na je na binne. Na tsuguna a wurin na amayar da duk abin da na ci tun safe, shi ma na tura masa ƙasa.

To, tun daga ranar aikin ya zama nawa. Duk wata guda, in kitso ya tsufa, sai in ji, "'Yar Ƙonni, in kin ƙare daka." Shi ke nan gabana ya faɗi. Abin haushin shi ne ƙululun ba ya ƙarewa. Yau ka matse shi ya lafa kamar ya tuba, bayan sati uku ya dawo ya zauna daram. In na gama nakan wanke hannu da toka, in bi da sabulu, in bi da ƙasa, in sake bin sabulu, amma da na kai loma baki sai in ji warin a ƙarƙashin farce. Na koma cin tuwo da cokali. Matan maƙwabta suka samu abin dariya, wai 'yar lakwal, wato 'yar boko, ta fi ƙarfin sa hannu a miyar kuka.

Nono kuwa na bar shi gaba ɗaya. A Tajaye a ce mutum ba ya shan fura da nono, ai kamar ya ce ya daina numfashi ne. Inna ta ga ina kawar da kai in Bafillatana ta buɗe ƙwarya, ta ga ina fita da gudu bayan ɗaki, sai ta yanke wa kanta hukunci. Ta fara yi mini murmushi ƙasa-ƙasa, ta hana ni ɗaukar tulu. Don ta ƙara mini ƙarfi kuma sai ta riƙa sayen kindirmo mai kauri tana dama mini da hannunta. Ga ni ga ƙwarya, ga Inna zaune tana jira in sha. Gaba kura baya sayaki. Wata uku ta yi tana lissafi kafin ta gane ba komai a cikin nawa, ta ce Allah ya kawo mai albarka, ba ta sake tayar da maganar ba.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, da mun je likita an duba shi."

Ta ɗago kai daga cinyata da sauri har tsinken kitso ya kusa soke ta.

"Kul! Irin wanga ba shi son ƙarhe. Yayata haka nata yaf fara, a mama. Anka kai ta anka yanka, ko shekara ba ta yi ba. Ciwon daji na, in yaj ji ƙarhe sai shi watsu cikin jiki. A bar kaza cikin gashinta."

Na ci gaba da kitson. Na yi lakwal shekara shida, amma ba a koya mana abin da ke ƙarƙashin fata ba, kuma ni ma a raina ban tabbata ba daji ba ne. Abin da na sani kawai shi ne na tsani ranar kitso. Wani sa'in ina matsawa ina murtuke fuska, ina yatsina, ina zagin ƙululun a zuci har uwarsa da ubansa. Inna ba ta gani. Mai kitso tana da wannan gata, wadda ake yi wa ba ta ganin fuskarta.

Haka muka ci shekara biyu. A rani na uku mijina ya tafi ya bar ni da ciki na gaske, kuma ya zo da laulayi mai tsanani, ko warin albasa ba na so. Ranar kitso ta zo cikin bazara, zafi kamar a gasa mutum, ɗakin Inna ba iska, asabari a sake. Na dubi ƙululun ya cika ya yi tim, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce yau sai na ga bayansa, in huta. Na sa ƙarfina duka na danna. Na ji wani abu ya fashe a ƙarƙashin yatsuna, amma ba waje ya fito ba, ciki ya koma. Inna ta ce "Wash!" sau ɗaya, ta damƙe gwiwata. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba komai, hannun mai ciki nauyi gare shi.

Kwana uku wurin ya kumbura ya ninka girmansa, ya yi ja, ya ɗau zafi. Zazzaɓi ya rufe ta. Ta shafa kanwa, ta shafa toka da man shanu, abin sai gaba yake. A rana ta biyar na same ta a kan buzun salla tana hawaye. Ta kai tahiya, amma wuyan ya ƙi juyawa ta yi sallama, ko dama ko hagu.

"In mutum bai iya sallame salla, mi yar rage?" ta ce. "Tashi mu tahi. In ƙarhen na ajalina, to shi na."

Washegari muka samu motar 'yan kasuwa zuwa Illela. Kowane rami motar ta faɗa sai Inna ta runtse ido. A likita, wato asibiti, muka tarar da babban ma'aikacin jinya, wanda ake ce wa majo, wani Bazabarme mai furfura da aka turo aiki can, Hausarsa tana ɗan karkacewa amma ana ganewa. Ya ce ta cire kallabi. Inna ta dube ni. Tun rasuwar mijinta namiji bai ga kanta ba. Ni na kwance mata, na tsefe jelar nan biyu.

Majo ya duba, ya latsa gefe-gefe, ya tambayi shekara nawa abin yake nan. Da ya ji ya haura ashirin sai ya yi 'yar dariya.

"Tsohuwa, daji ba ya zama shekara ashirin yana jiranki. Wannan jaka ce ƙarama a ƙarƙashin fata. Yadda fatar jiki take saɓa tana zubarwa, haka cikin jakar yake yi, sai dai shi ba inda zai zubar, sai ya taru ya yi wari. Ba ta kisa, ba ta yaɗuwa. Mutane da yawa suna da ita, a kai, a wuya, a baya, wasu har su mutu da tsufa ba ta dame su ba. In an matse, an zazzage jakar ne kawai, ita tana nan, za ta sake cika. Matsar ce ma ta fasa ta a ciki, ƙazanta ta shiga ya zama ƙurji. Wa yake matsa miki?"

Na buɗe baki, amma Inna ta riga ni.

"Ni na. Da hannuna."

Majo ya dubi inda ƙululun yake, ya dubi hannunta, ya dube ni. Ya ce yau zai ɗan tsaga ne mugunyar ta fita, ya ba ta ƙwayoyi, in wurin ya huce bayan sati shida ta dawo a cire jakar ɗungurungum, daga nan ba ita ba ƙululu. Ya aske gashin wurin. Ya zaunar da ita a benci, ya ce ni in zauna a gabanta in riƙe mata hannuwa kada ta zabura.

Na zauna, gwiwata tana taɓa tata, fuskata daf da tata. Na riƙe hannuwanta cikin nawa. Tana ta salati a hankali, idonta a kaina, don ni kaɗai ta sani a ɗakin. Majo ya tsaga. Abin da ya fito ban gan shi ba, amma na ji saukarsa cikin kwanon ƙarfe, sannan warin ya taso. Na shekara biyu ina shaƙar ɗan'uwansa, amma wannan ya haɗu da mugunya da jini na kwana biyar. Fuskata ta yi abin da ta saba yi a ɗakin Inna. Na yatsina, na kawar da kai, na tofar da yawu a ƙasa, kuma kafin in kama bakina na ji kaina ina cewa, "Kai, tir! Wallahi na gaji da wannan ƙazanta."

Salatin ya tsaya. Na juyo na ga tana kallona, ba fushi a idonta, kallo ne kawai irin na wanda yake karanta abu. Labarin zuciya a tambayi fuska. Sannu a hankali ta zare hannuwanta daga nawa ta ɗora su a kan gwiwoyinta, ta riƙe kanta da kanta har majo ya gama wankewa ya naɗe wurin. Ko motsi ba ta yi ba.

A mota na yi ta kame-kame. Na ce laulayi ne, na ce ko turare aka buɗe haka nake yi.

"Na sani, ɗiyata," ta ce. Muka yi tafiya mai nisa, har mun hango rumbunan Tajaye, sannan ta ƙara da cewa, "Ashe wancan karon ba ciki na ba yah hana ki shan nono."

Kunya ta rufe ni, irin wadda mutum yake ƙyamar kansa.

Ƙwayoyin suka yi aiki, zazzaɓi ya sauka, kumburi ya saɓe. Wanke wurin da sake tsumma kuwa Inna ta kira maƙwabciyarmu ta riƙa yi mata. Da sati shida suka cika ta aika Dogarawa 'yarta ta zo, su biyu suka koma Illela, ni aka ce in zauna saboda ciki ya tsufa. Yayar mijina ce ta ba ni labari. Ta ce allura aka yi wa wurin ya mutu, majo ya ɗan yanka ya zaro wata 'yar farar jaka sumul, ya nuna wa Inna a tafin hannu, ya ɗinke da zare uku. Inna ta roƙa aka ƙunshe mata jakar. Da suka dawo na miƙe zan karɓa in kai bayan rumbu, ta ce in zauna abina. Ita ta ɗauki fartanya ta je ta binne.

Ƙululu bai sake dawowa ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda asirin shekara ashirin ya zama abin tallatawa. Duk matar da aka ce tana da kumburi a kai ko a gadon baya, Inna za ta je har gida ta kwance kallabi ta nuna tabo, ta ce kada a matsa, in ba ya ciwo a bar shi, in ya dame ta ta je a duba a cire da jakarsa. Rabin matan unguwa sun ga tabon nan. Ni ban taɓa ganinsa ba. Da gashi ya tofo, gidan maƙwabciya ta koma kitso. Na ce, "Inna, ga ni fa." Ta ce, "Ke da goyo? Ki huta."

Ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba. Ta yi mini wankan jego, ta goyi 'ya'yana uku, ta ci gaba da tare mini bakin mata. Mijina har yau yana cewa bai taɓa ganin surukai masu zaman lafiya irinmu ba. Amma in tari ya kama ta sai ta tashi ta fita waje. In ta ci abinci ita take wanke kwanonta. In na shiga ɗakinta tana kwance sai ta yi maza ta jawo kallabi. Na samu abin da nake so, hannuna ya tsarkaka, na koma shan fura har da suɗe ƙwarya, kuma ban ji daɗinsa yadda na zata ba. Sau da yawa na shirya zan roƙe ta gafara, sai in rasa ta inda zan fara, don ita ba ta taɓa cewa na yi laifi ba.

Bayan shekara bakwai ta kwanta ciwon ajali, ciwon ciki ne da ba shi da haɗi da ƙeya. Ta kai ba ta iya fita bayan gida. A lokacin na riga na wanke kashin yara uku da amansu, ba abin da ya rage a jikin ɗan Adam da zai tayar mini da zuciya, kuma da gaske nake so in yi mata. Na ɗauko kasko na shiga, ta ce in ajiye a bakin ƙofa in kira mata 'yarta. Haka aka yi sati uku. Ni ce dahuwa, ni ce ɗebo ruwa, ɗakin kuma sai dai in leƙa in ce sannu.

Ta cika da hantsi, ranar wata Laraba. Mata suka taru, aka kawo likkafani, aka fara shirin wanka. Na ɗaura zane na naɗe hannun riga na nufi ɗakin. Yayar mijina ta tare ni a bakin ƙofa, idonta jawur, ta kama hannuna a hankali.

"Ki yi haƙuri, ƙanwata. Ta bar sallahu. Ta ce kar a wahal da 'yar Ƙonni, ba ta jimirin irin wanga abu. Ta ce ki ɗora muna ruwa dai."

Ta shiga ta saki asabari. Na koma murhu na hura wuta, na ɗora tukunya, na zauna ina jira ruwan ya yi ɗumi.